Kwaikwayo da Haƙƙin Mai Ƙirƙira

Hausawa sun ce daga na gaba ake ganin zurfin ruwa. Bayan an gama madatsar ruwan Kainji a 1968, tafki ya cinye gonaki da yawa a ƙasar Yauri, masunta kuma suka yi ta zuwa daga nesa. Da Sarkawanmu suka ga irin gurar masuntan Mali, sai suka kwaikwaya. Yau gurar Mali tana ciyar da gidaje masu yawa a bakin tafki. Ashe kwaikwayo yana kawo arziki.

Amma fa yana da tasa illa. Kawuna ya yi wata uku yana gyara bakin gurarsa don kada kifi ya kuɓuce. Kasuwar Yelwa ta ci sau biyu kawai, kowa ya saƙa irinta, har ana karya masa farashi. Ya ce ba zai ƙara wahalar da kansa ba. To, in kowane mai basira ya yi fushi haka, wa za mu kwaikwaya?

Saboda irin wannan ne Nijeriya ta kafa dokar haƙƙin ƙirƙira a 1970. Wanda ya ƙago sabon abu, ya yi rajista, ya bayyana yadda ake yinsa, ba mai ƙera irinsa sai da izininsa har shekara 20. Bayan nan ya zama na kowa.

'Yan'uwana ɗalibai, mu kwaikwaya, amma mu ƙara namu. Iyaye kuma, in yaro ya ƙago abu, ku taimaka masa ya tsare haƙƙinsa.