Rairayi a Tsagin Kankare

Direban da ya taso daga Damagaram, ya wuce Mirriya da Gidimuni ya doshi Gidigir, kwalta yake takawa. Amma inda ruwa ke ratsa hanyar, kankare ne ke ɗauke da nauyin a ƙarƙashi: kwalbati da ƙananan gadoji. Can mai wannan rubutu, ma'aikacin gyaran hanya, ya fi cusa kai in ya fita zagaye, kuma sau da yawa yakan tarar da bakin kwalbati cike da rairayin da iskar hunturu ta kwaso.

"Ai siminti ne, ba ya lalacewa," in ji mutane. Suna da hujja. A garin Bellefontaine na jihar Ohio a Amurka, titin kankaren da aka zuba a 1893 yana nan har yau. Najeriya ma ta karkata can: kamfanin Dangote ya shimfiɗa hanyar Obajana zuwa Kabba da kankare, kuma a 2024 aka ƙaddamar da aikin hanyar Sakkwato zuwa Badagry daga Illela, daura da Birnin Ƙonni.

Sai dai kankare yana da lagonsa. Zafi kan sa ya buɗe, sanyi ya sa ya tsuke, shi ya sa ake yanka masa tsagi kowace mita 4 zuwa 5, a cike da roba ko kwalta mai laushi. Ranar da wannan cikon ya bushe ya fita, rairayi da tsakuwa su maye gurbinsa. Bazara ta zo, falon kankaren ya nemi miƙewa ya rasa wuri, sai gefensa ya fara ɓarewa. Damina ta biyo baya, ruwa ya zurara ƙasa. Kowace babbar mota ta taka, laka ta tsarto ta tsagin, ƙarƙashi ya zama rami, falon ya dare.

Yankin Gure, inda Gidigir take, yana da ƙarin abokin gaba: kanwa da gishirin kwaruruka. Ruwa mai zartsi kan ci siminti, ya sa rodi tsatsa. Ba a kwaɓi da shi, ba a bayi da shi. Sabon zubi na son ruwa mai daɗi aƙalla kwana 7.

Sai lodi. Gwajin da aka yi a Illinois tsakanin 1958 da 1960 ya nuna cewa in aka ninka nauyin da ke kan gatarin mota, ɓarnar kan kai wajen ninki 16. Dokar ƙungiyar ƙasashen UEMOA ta 2005 kan awon nauyin manyan motoci don haka aka yi ta.

Shi dai mai wannan rubutu, kafin ruwan farko yakan fita da shebur da buroshin ƙarfe: a yashe kwalbati, a kankare tsagi, a sake cike shi. In ya ga busasshiyar laka a bakin tsagi, sai ya shafa wa wurin jan fenti, don a dawo a ɗura siminti a ƙarƙashinsa.