Darasi na 14: Tsohuwar Mota da Sabuwa

Mu mutanen Karakkai mun san mota. Kullum tana bin hanya daga Tsafe zuwa Gusau, daga Gusau zuwa Bungudu. Yau za mu gwada tsohuwa da sabuwa, mu ga amfanin kowace.

Tsohuwar ita ce Peugeot 504, wadda muke kira Fijo. An fara ƙera ta a Faransa cikin 1968. Cikin 1975 aka buɗe ma'aikatar haɗa Fijo a Kaduna. An yi ta haɗa 504 a can har 2006. Jikinta ƙarfe ne mai kauri. Cikinta ya yi nisa da ƙasa, saboda haka ba ta tsoron rami ko yashi. Buhun gero, da akuya, da mutane, duk tana ɗauka.

Fijo da kafireta take shan mai. Kafireta ita ce ke gauraya fetur da iska. In ta toshe, bakanike ya kwance ta a gindin bishiya, ya wanke, ya mayar. Amma Fijo tana da shan mai, ga hayaƙi. Tun da aka janye tallafin mai cikin 2023, wannan ya zama abin dubawa ƙwarai.

Sabuwar kuwa, kamar Toyota Corolla, ba ta da kafireta. Akwai 'yar kwamfuta a cikinta. Ita ke auna fetur daidai, ba ƙari, ba ragi. Don haka manta yana daɗewa. Tana da bel, tana kuma da jakar iska wadda ke kumbura ta tare ƙirjin direba in an yi karo.

To, amma ita ma tana da nata. Cikinta kusa da ƙasa yake. Fetur mai datti yana ɓata ta. In ta lalace, sau da yawa sai an kai ta gari, an sa mata na'ura kafin a gane ciwonta. Kayan gyaranta kuma da tsada.

Ku lura da wannan. Sabuwar mota tana magana da direba. A gabansa akwai fitilu da rubutu da lambobi. Jan fitila mai siffar buta tana nufin man inji ya kasa. In ta kama, a tsaya nan take. Wanda bai iya karatu ba sai ya yi ta tafiya har inji ya buga, kuɗin noman shekara ya tafi.

Kowace muka shiga, kada mu yarda da lodin da ya wuce kima. Mu ɗaura bel. In direba ya cika gudu, mu yi masa magana.

Tambayoyi

1. A wane gari aka haɗa Fijo a Nijeriya?
2. Mene ne aikin kafireta?
3. Me za mu yi in jan fitila ta kama?
4. Daga 1975 zuwa 2006 shekara nawa ne?

Ku rubuta: mota, fetur, inji, direba, bakanike.