Ikon Aro da Ikon Amana

Ɗana, na ji mutanen Sabo ta Ibadan sun ɗora maka shugabancin ƙungiyarku. Allah Ya taya ka riƙo. Tun da zaɓe na ƙaratowa, manyan motoci za su fara tsayawa a ƙofar shagonka, shi ya sa nake so ka san yadda iko yake tafiya a unguwar nan tun kafin a haifi mahaifinka.

A 1916 aka ware wa Hausawa wannan wuri kusa da Mokola. Turawa da sarakunan Ibadan suka amince a yi Sarkin Hausawa, ya riƙa sasanta rigima, ya san baƙon da ya sauka da wanda ya tashi. Maganarsa tana da nauyi, domin hukuma na tsaye a bayansa. Amma wanda ya zauna a Sabo ya san akwai wani ikon da ba a naɗa masa rawani, wato na masu gida.

Ka dubi yadda cinikin shanu yake a lokacin. Falke ya taso daga Arewa da garkensa, ya iso ƙasar kurmi inda tsando ba ya barin saniya ta daɗe da lafiya, dole ya sayar da wuri. Mahautan Yarbawa kuma ba su da kuɗi a hannu sai sun yanka sun sayar. To, wa zai ba da bashin shanu ga mutumin da bai sani ba, a garin da ba ya jin yarensa? Nan maigida yake shigowa. Ya sauki falke, ya ciyar da shi, dillalansa su haɗa ciniki a karɓi la'ada, shi kuma ya tsaya a kan bashin. Babu banki, babu takarda. In mahauci ya ci amana, maigida ya san gidansa, ya san yadda zai sa kasuwa duka ta juya masa baya. Goro ma haka, sai dai shi Arewa yake nufa. Wani mai bincike, Abner Cohen, ya zauna a nan farkon shekarun 1960, ya rubuta littafi guda a kan wannan tsari, abin da kakanninka suka ɗauka ba komai ba ne.

Da mulkin Turawa ya fara ja da baya, jam'iyyu suka shigo, Action Group ta Awolowo da NCNC, kowace na neman ƙuri'ar Sabo. Hukumar da sarki ya jingina da ita ta canja hannu, kan mutane ya nemi rabuwa. Kayan aro ba ya rufe katara. Abin da ya riƙe unguwar shi ne masallaci: a farkon shekarun 1950 jama'a suka rungumi Tijjaniyya, suka tsai da Juma'arsu a cikin Sabo, malamai da masu gida suka zama su ne ake ji. Ban ce komai nasu daidai ba ne. Wasu masu gidan sun danne yaransu, kuma ware kai yana da tsadarsa a garin da kake baƙo.

Ko rikicin kasuwar Shasha a nan Ibadan na Fabrairun 2021 ka tuna. Gwamnoni sun zo daga Arewa, sun gana da Gwamna Seyi Makinde, an yi jaje, an ɗauki hoto, sun koma. Zuwansu ya yi amfani. Amma waɗanda suka ci gaba da kwana da tashi da Yarbawa maƙwabta su ne mu.

Saboda haka in ɗan takara ya zo, ka karɓe shi da mutunci, ka ba shi ruwa. Kada ka gana da shi kai kaɗai, kada ka yi masa alkawarin ƙuri'ar da ba taka ba. In ya ba da abu, a faɗa a gaban jama'a nawa ne. Ka roƙi abin da zai zauna bayan zaɓe: magudanar ruwa, gyaran makaranta, takardar rumfuna. Ka riƙa kai gaisuwa fadar Sarkin Hausawa, kuma shugabannin kasuwa na Yarbawa su san fuskarka tun ana zaman lafiya.

Ranar Juma'a in an sauko, ka biyo da littafin kuɗin ƙungiya mu duba. Ka taho da ma'ajinku.