Wasiƙar Nasiha ga Matasa Kirista na Birnin Katsina a kan Dalilin Rayuwa da Kiran Allah

Zuwa ga samari da 'yan mata masu bin Almasihu a birnin Katsina da kewayensa,

Maƙasudin wannan wasiƙa shi ne yi wa matasa nasiha a kan tambayar da ta fi kowace nauyi a shekarun ƙuruciya, wato dalilin da ya sa mutum yake raye, da abin da ya kamata ya yi da kwanakin da aka ba shi. Tambayar takan taso wa ɗalibi a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ko a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman Katsina sa'ad da ƙarshen karatu ya matso ba tare da alamar aiki ba, takan taso wa wadda ta gama bautar ƙasa ta dawo ɗakin mahaifiyarta tana jiran kiran da bai zo ba, takan kuma taso wa mai tuƙa Keke Napep tsakanin Ƙofar Ƙaura da Ƙofar Marusa idan ya ƙirga cinikin yini ya cire na mai da na mai keke. Babu abin kunya a cikin yin wannan tambaya, domin alama ce ta hankalin da ya fara girma, kuma wanda bai taɓa yin ta ba shi ne abin a ji wa tsoro.

Zamani yana da amsoshinsa da yake tallatawa dare da rana a fuskar waya: tara kuɗi ta kowace hanya, yin suna a kafafen sada zumunta, ko barin ƙasa ko ta halin ƙaƙa. Wanda ya kasa samun ɗaya daga cikin ukun yakan nemi mantuwa a cacar ƙwallo ko a ƙwaya, har ta kai Gwamnatin Tarayya ta haramta sarrafawa da shigo da maganin tari mai sinadarin kodin a shekarar 2018 saboda ɓarnar da ya yi wa matasa, musamman a Arewa. Littafi Mai Tsarki ya daɗe da auna waɗannan amsoshi, domin marubucin Littafin Mai-Wa'azi ya gwada dukiya da gine-gine da annashuwa da tarin ilimi, ya kuma tarar cewa kowannensu yana wucewa bai cika zuciya ba. Haka nan Agustin, babban malamin ikkilisiya ɗan Afirka ta Arewa, wanda ya rayu daga shekarar 354 zuwa 430 kuma ya yi bishop a Hippo cikin ƙasar da ake kira Aljeriya a yau, ya kwashe ƙuruciyarsa yana farautar suna da jin daɗi a Kartaj da Roma da Milan kafin ya gane cewa ƙishin da ke damunsa ƙishin Mahaliccinsa ne. Kuɗi da ilimi da suna abubuwa ne masu amfani idan suna hannun mutum, amma sukan zama azzaluman iyayen gida idan mutum ne ke hannunsu, shi ya sa Hausawa suka ce kwaɗayi mabuɗin wahala.

Bangaskiyar Kirista tana fara amsa tambayar ne daga abin da aka ba mutum tun bai yi komai ba. Littafin Farawa ya koyar cewa an halicci ɗan Adam, namiji da mace, cikin kamannin Allah, kuma abin nufi a nan shi ne hankali da lamiri da ikon ƙauna da ikon sanin Mahalicci, tare da amanar kula da duniya, ba sifar jiki ba. A kan wannan tushe bishara ta ɗora koyarwar alheri, wato tagomashin da Allah yake yi wa mai zunubi ba don cancantarsa ba, wanda ya bayyana a mutuwar Almasihu a kan gicciye da tashinsa daga matattu. Sakamakon wannan koyarwa ga matashi mai girma ne ƙwarai: darajarsa ta riga takardar shaidarsa zuwa, ba ta ƙaruwa ranar da ya sami aiki, ba ta kuma raguwa ranar da ya faɗi jarrabawa. Wanda ya riƙe wannan da gaske zai nemi aiki da himma ba tare da ya sayar da lamirinsa ba, zai kuma iya ganin abokinsa ya riga shi ci gaba ba tare da hassada ta cinye shi ba.

Daga alheri sai kira, wato nufin Allah ga kowane mai bi na ya bauta masa ta wurin hidimar mutane a inda aka ajiye shi. Mutane da yawa sun ɗauka kira na fasto ne da mai bishara da limamin coci kaɗai, alhali kuwa Littafin Farawa ya nuna an ɗora wa Adamu noman gona da kiyaye ta tun kafin zunubi ya shigo, Yesu kansa an san shi da sana'ar sassaƙa a Nazarat, Manzo Bulus kuma ya ci daga ɗinkin tanti yana wa'azi. A ƙarni na 16 Martin Luther ya sake jaddada cewa aikin manomi da na uwar gida kira ne mai tsarki daidai da aikin mai tsayawa a bagade. Saboda haka kira yana bayyana ne a ƙananan wurare da idon jama'a ba ya kaiwa: a hannun mai awon hatsi da ke cika mudu ya tsaya har ya yi tozo, ko mai saye yaro ne da ba zai lura ba, a teburin yarinya mai sana'ar POS wadda ta ga tsoho ya ba ta dubu biyu fiye da ƙima, ta bi shi da gudu har bakin titi ta mayar masa, a shagon tela da ya ce ranar Alhamis, kuma ranar Alhamis ɗin aka tarar da ɗinki a goge, a ninke. Irin wannan riƙon amana sujada ce ta ranakun mako, kuma ita ke gaskata waƙar da aka rera ranar Lahadi.

Katsina tana da nata misalin na hidima wanda ya kamata kowane matashi ya sani, shi ne Babbar Ruga da ke kan hanyar Batsari. A ƙarshen shekarun 1930, zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, ma'aikatan mishan ta SIM suka karɓi kula da masu cutar kuturta a wurin bisa yarjejeniya da hukumar En'e, kamar yadda aka yi a Yadakunya ta Kano da Amanawa ta Sakkwato. A lokacin babu magani mai warkarwa sosai, allurar wani mai ce kawai ake yi, mai zafi da ƙarancin tasiri, sai a ƙarshen shekarun 1940 maganin dafson ya fara canza al'amarin. Cutar tana kashe jijiyoyin ji, ta yadda ƙaya za ta soki tafin ƙafa mai ita bai sani ba har wurin ya zama gyambo, don haka babban aikin ma'aikaci shi ne ya durƙusa kowace safiya ya jiƙa ƙafar majinyaci a ruwa, ya kankare kantar da ta taurare, ya shafa mai, ya ɗaure miki da tsumma mai tsabta, gobe kuma ya sake. Mafi yawan hannuwan da suka yi wannan aiki na 'yan ƙasa ne, har da waɗanda suka warke suka zauna suna jinyar 'yan'uwansu, kuma tarihi bai adana sunayen akasarinsu ba. Daga baya asibitin ya koma hannun gwamnati, a shekarun 1980 kuma likita Kees Waaldijk ɗan ƙasar Holan ya fara yi wa mata masu yoyon fitsari tiyata a wurin, har ya zama cibiyar ƙasa ta wannan aiki, inda Musulmi da Kirista suke aiki kafaɗa da kafaɗa, dubban mata kuma suka koma gidajensu da mutuncinsu. Darasin Babbar Ruga shi ne cewa rayuwa takan sami nauyinta a wurin da mutum ya sunkuya domin wanda kowa ya guje wa, kuma har gobe akwai irin waɗannan mutane a kowace unguwa: marayu, gwauraye, 'yan gudun hijira, da samarin da ƙwaya ta kayar.

Akwai wata damuwa ta musamman da ke nuƙurƙusar matashi Kirista a Katsina, ita ce jin cewa shi baƙo ne a garin da aka binne cibiyarsa. Bahaushe Kirista daga Malumfashi ko Kafur yakan gamu da mai mamakin yadda za a yi Bahaushe ya zama Kirista, ɗan Ibo ko Bayarabe ko ɗan Kudancin Kaduna da aka haifa a nan kuma yakan ji ana tambayarsa ranar komawa gida. Tarihi yana da abin faɗa a kan wannan. Likita Walter Miller na mishan ta CMS ya zauna a Zariya tun 1905 yana aikin fassara tare da abokan aikinsa Hausawa, kuma cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa a shekarar 1932, ke nan an haura shekara 90 ana karanta shi ana addu'a da wannan harshe. A watan Oktoba na 2023 Fafaroma Francis ya kafa Dayosis ɗin Katolika na Katsina, wato yankin da bishop guda yake kula da shi, ya kuma naɗa Gerald Mamman Musa, Bahaushe ɗan Malumfashi, bishop na farko. Saboda haka bai kamata matashi ya zauna a Katsina zaman mai jiran mota a tasha ba. Annabi Irmiya ya shawarci mutanensa su nemi zaman lafiyar birnin da suke ciki su kuma yi masa addu'a ko da yake su bayi ne a Babila, balle wanda garin nasa ne.

Wannan yana da nasaba kai tsaye da zama da maƙwabta Musulmi, waɗanda su ne mafi rinjaye a birnin, kuma su ne abokan karatu da ciniki da unguwa. Yesu ya taƙaita dukan shari'a cikin ƙaunar Allah da ƙaunar maƙwabci, kuma da aka tambaye shi wane ne maƙwabci sai ya ba da misalin Basamariye, mutumin wata al'umma da wani tafarkin ibada, wanda ya tsaya ya taimaki wanda 'yan fashi suka raunata. Ana yi wa Katsina kirari da ɗakin kara, kara kuwa ita ce kawaici da girmama mutum da sanin abin da bai dace a faɗa ba, kuma mai bin Almasihu ya fi kowa cancantar ya riƙe ta. Ya halarci suna da ta'aziyyar maƙwabcinsa, ya karɓi naman layya da godiya ya kuma aika da abincin Kirsimeti, ya kame bakinsa da yatsansa daga zagin abin da wani yake girmamawa, musamman a intanet inda kalma ɗaya takan tayar da wutar da ba a san inda za ta tsaya ba. Idan an tambaye shi dalilin begensa ya amsa da gaskiya da tawali'u, ba tare da tsoro ko gadara ba.

Nasiha ba za ta cika ba idan ta tsallake wahala, domin matasan wannan jiha sun ga abin da 'yan bindiga suka yi wa ƙauyukan Batsari da Jibiya da Safana da Faskari, sun kuma ji ɗaukar ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandare ta Ƙanƙara a watan Disamba na 2020, bala'in da bai tambayi kowa addininsa ba. Wajibi ne matashi ya yi hattara da mai wa'azin da ke alkawarin cewa bangaskiya tana sayen arziki da kariya daga kowace masifa muddin an ba da baiko mai tsoka, domin addinin da gicciye yake tsakiyarsa bai taɓa yin wannan alkawari ba. Abin da ya yi alkawari shi ne kasancewar Allah tare da mai shan wuya, da bege, wato tabbacin cewa mutuwa da zalunci ba su ne masu maganar ƙarshe ba. Samari uku da suka fara aikin SIM a 1893 shaida ne: Walter Gowans ya rasu a Girku, Thomas Kent ya rasu a Bida, duka a 1894, Rowland Bingham kuma ya koma gida da ciwo, a idon duniya aikin ya rushe, amma daga wannan tushe ikkilisiyar ECWA ta tsaya da ƙafarta a 1954. Gafarar da Almasihu ya umarta kuma ba ta hana neman adalci ta hanyar doka, abin da take hanawa shi ne ramuwar gayya da barin ƙiyayya ta yi sheƙa a zuciya.

Game da yadda matashi zai gane kiransa, hanyar ba ɓoyayya ba ce. Ya dubi baiwar da aka ba shi, wato abin da yake iyawa wanda mutane ke amfana da shi, ya dubi buƙatar da ke gabansa a gida da unguwa da ikkilisiya, sa'an nan ya nemi shawarar iyaye da dattawan da suka san halinsa, domin mutum ba ya ganin ƙeyarsa. Ya riƙe addu'a da karatun Littafi Mai Tsarki kowace rana ko da kaɗan ne, ya zauna daram a ikkilisiya guda inda za a san shi a kuma tsauta masa, ya karɓi wani aiki a zumuntar matasa ko makarantar Lahadi ko ziyarar marasa lafiya. Mai digiri ya koyi sana'ar hannu ba tare da jin ƙasƙanci ba, mai shirin aure ya duba hali kafin dukiya, wanda ya kai shekara 18 kuma ya yanki katin zaɓe ya yi amfani da shi bisa lamirinsa. Wanda ya riga ya faɗa cikin ƙwaya ko caca ko yanke ƙauna ya faɗa wa wani babba amintacce ya kuma nemi taimakon likita, domin ƙofar tuba a buɗe take, neman magani kuma ba raunin bangaskiya ba ne. Kada jiran babban kira ya hana kowa amsa ƙaramin da ke bakin ƙofarsa yau, gama ta wurin aminci cikin ƙanƙanen abu ne ake koyon ɗaukar babba.

Allah ya ba matasan Katsina hikimar sanin nufinsa da ƙarfin aikata shi, ya albarkaci aikin hannuwansu, ya kare su daga mugunta, ya kuma zaunar da birnin Katsina da dukan mutanensa lafiya. Amin.

Daga wani dattijon ikkilisiya,
Katsina.