Ƙasar zubi idan ta mutu, ruwa ba ya tashe ta

Wata baiwar Allah mai sayar da shinkafa da wake a kusa da Jami'ar Abdou Moumouni ta kawo mini babbar tukunyar alminiyom, wai in toshe mata inda take yoyo. Sabuwa fil, kuma bashi ta ci ta saya. Na ƙwanƙwasa, sautin ya fito a dushe. Na ce, "Hajiya, wannan ba ta toshuwa, sai dai a sake narka ta." Ta daɗe shiru, sannan ta ce in fasa. Gindin duk ramuka kamar saƙar zuma, ga yashi ya nutse cikin ƙarfen. Ta zauna bisa buhun gawayi tana lissafin kwanakin da za ta yi ba ciniki. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Wanda ya zuba ta da matacciyar ƙasa ya yi aiki. Alminiyom yana narkewa a digiri 660, mu masu zubin tukwane kuma sai ya wuce haka muke zubawa. Kowane zubi, yumɓun da ya taɓa ƙarfen yana ƙonewa ya koma gari, ba ya sake riƙe yashi. Mai sanin aiki ya tankaɗe ƙasar, ya ƙara sabon yumɓu, ya cuɗa, ya rufe ta kwana. Malalaci sai ya ƙara ruwa kawai. Ta dunƙule a hannunsa, ya ce ta yi. Ƙarfe na shiga, ruwan ya zama tururi, ya rasa hanyar fita, ya maƙale a jikin tukunya. Gefen akwatin zubi kuma ya zube, yashi ya bi ƙarfen.

Manyan masana'antu suna sa yumɓun bentonait kashi 5 zuwa 10 cikin 100, ruwa wajen kashi 3. Namu na bakin kogi bai kai shi danƙo ba, dole mu sa fiye da haka. Amma in ka cika shi, ƙasa ta toshe, iska ba ta fita, ramukan nan su dawo. Don gane mai kyau, dunƙula ka karya: ta rabu biyu tsaf, ba ta marmashe ba, ba ta manne a tafin hannu ba.

Masu zubi, ku daina gyara ƙasa da ruwa. Yumɓu take nema. Jiƙaƙƙiyar ƙasa tana tofo ƙarfe, kuma yaranku da silifa suke aiki.

Ku ma masu saye kuna da laifi. Biki jibi, yau za ku zo kuna "Maigida, a yi sauri, a rage kuɗi." Ku ƙwanƙwasa tukunya, ku cika ta da ruwa kafin ku biya.

Mu da ke tsallake Gadar Kennedy zuwa kasuwar Katako sayen tarkace, a riƙa tsincewa. Dalmar batir ba ta shiga tukunyar abinci. Ludayin zubi ma a ɗumama shi tukuna, kada danshinsa ya tofo ƙarfe.