Wa ke ƙidayar kuɗin soja?

Yara, kun san yadda manoman albasa ke yi in suna son injin ban-ruwa. A fadamar Tarka, wajen Madawa, ko a garaken Tamaske, sukan haɗa kai su tara kuɗi. Ba duka za su tafi kasuwa ba. Sai su zaɓi mutum guda, su damƙa masa kuɗin, su ce masa: "Ga abin da muke so, ga kuɗinsa." Ran da ya komo, sai a zauna gindin itace. A tada injin, a ji kukansa. A tambaye shi nawa ya saya, nawa ya ba mai mota, ina sauran kuɗi. Ba a ɗauke shi ɓarawo ba. Kuɗin ne na jama'a, shi ya sa kowa ke son ya ji lissafi.

To, ƙasa ma haka take. Gwamnati ba ta da gona. Kuɗin da take kashewa daga hannun mutane suke fitowa: lampo, kuɗin duwan a bakin iyaka, harajin da ke cikin kuɗin sukari da shayi da katin waya. Akwai kuma abin da ake samu daga uraniyom da man fetur, da bashi, da taimakon ƙasashen waje. Da waɗannan kuɗi ake gina lakwal, a sayi magani, a gyara hanya. Da su kuma ake riƙe soja.

Soja na cin kuɗi da yawa. Akwai albashi, abinci, tufafi da takalma. Akwai motoci da mansu, bindigogi da harsashi, da jiragen sama. Ba wanda zai ce a bar su hannu sake. Mutanen Bangi, da ke bakin iyakar Najeriya, sun san ɓarayin shanu da masu satar mutane. A arewacin jiharmu ta Tawa, ran 21 ga Maris 2021, ƴan bindiga sun kashe mutum 137 a ƙauyukan Tiliya cikin yini guda. Saboda haka kowa ya yarda a ba soja kuɗi. Abin tambaya shi ne: wa zai zauna gindin itace ya ji lissafi?

Aikin majalisa

Mutanen ƙasa sun fi miliyan ashirin, ba itacen da zai ɗauke su. Don haka, kafin 2023, sukan zaɓi wakilai su tura Yamai. Wakilin shi ne ɗan majalisa, wanda muke ce wa depite. Taronsu shi ne Majalisar Dokoki, da faransanci Assemblée nationale. A zaɓen 2016 kujerunta 171 ne, cikinsu har da na jihar Tawa.

Tsarin mulki na 25 ga Nuwamba 2010 ya ba majalisa aiki uku: ta yi doka, ta yarda da haraji, ta sa ido kan aikin gwamnati. A wancan lokaci, kowace shekara, bayan damina, gwamnati takan kawo mata kasafin kuɗin shekara mai zuwa. A ciki an rubuta abin da za a ba kowace ma'aikata: ga na lafiya, ga na ilimi, ga na noma, ga na tsaro. Ƴan majalisa sukan kasu ƙungiya-ƙungiya don su duba. Akwai kwamitin kuɗi, akwai kwamitin tsaro. Daga nan sai a jefa ƙuri'a. Sai sun yarda kasafin ke zama doka.

Ba kuɗi kawai ba. A watan Janairu 2013, sai da majalisa ta yarda kafin sojojinmu 500 su tafi Mali. Ran 6 ga Fabrairu 2015, Boko Haram ta kai hari Boso da Difa. Bayan kwana uku, ran 9 ga wata, ƴan majalisa suka taru suka yarda baki ɗaya a tura soja 750 cikin Najeriya. Haka kuma dokar ta-ɓaci da aka kafa a Tasara da Tiliya a 2017: duk wata uku sai gwamnati ta koma majalisa neman a ƙara wa'adinta. Wani lokaci akan yi gardama mai zafi. Ran 22 ga Afrilu 2022, faraminista Uhumudu Mahamadu ya nemi a yarda sojojin Turai da suka baro Mali su zauna ƙasarmu. Ƴan majalisa 131 suka ce i, 31 suka ce a'a.

Duk wannan ba da izini ne, tamkar damƙa wa ɗan aike kuɗi da safe. Wannan bai da wuya. Aiki mai wuya shi ne na marece, lokacin da ɗan aike ya komo.

Kafin 2023, doka ta ba majalisa hanyoyin yin sa. Ɗan majalisa na iya rubuta wa minista tambaya, ko ya sa a kira shi ya zo ya amsa da bakinsa gaban kowa. Majalisa na iya naɗa kwamitin bincike. A lokacin akwai kuma kotun lissafi, da faransanci Cour des comptes, wadda ke duba takardun kuɗin gwamnati bayan an kashe su. Amma hanya ba ta tafiya da kanta, sai an bi ta. Kuma in mafi yawan ƴan majalisa na gefen gwamnati ne, ba kullum suke son su matsa wa ministansu ba.

Maganar asiri

In aka zo kan kuɗin soja, akwai kalmar da akan ji: asirin tsaro. Gaskiya ne, yaƙi na da asiri. Ba a shela a kasuwar Karofane a ce ga yawan harsashin da ke barikin kaza, ko ga daren da soja za su tashi. Abokin gaba ma na da kunne. Saboda haka, tun 2013, an ware sayen kayan tsaro, an yi masa nasa tsari dabam. Ba lalle a buga shela ƴan kasuwa su yi takara a fili ba, kamar yadda ake yi in za a gina aji ko a haƙa rijiya.

Sai dai ku lura da kyau. Inda soja za su kwana asiri ne. Amma ko motar da aka biya ta iso, wannan lissafi ne. Ana iya ɓoye abu ga abokin gaba ba tare da an ɓoye shi ga masu kuɗin ba. Wasu ƙasashe sukan zaɓi ƴan majalisa kaɗan, su rufe ƙofa, a buɗe musu takardu duka, su kuma su riƙe bakinsu. A Jamus ma majalisa na da wakili na musamman mai kula da sojoji. Ƙaramin soja na iya rubuta masa kuka kai tsaye, ba sai ya bi ta hannun shugabansa ba.

Abin da ya faru a 2020

Ran 10 ga Disamba 2019, aka kai hari barikin Inatas, cikin jihar Tilaberi, kusa da iyakar Mali. Soja 71 suka rasu. Wata guda bayan haka, ran 9 ga Janairu 2020, aka faɗa wa barikin Shinagodar. Soja 89 suka rasu. Ƙasa duka ta yi makoki. Waɗannan samari ƴaƴan talakawa ne daga kowane yanki, kamar yayyenku.

Ana cikin wannan baƙin ciki sai wani labari ya fito. Lokacin Mahamadu Isufu ne shugaban ƙasa, Isufu Katambe kuma bai daɗe da zama ministan tsaro ba. Sufetocin soja suka zauna suka bi takardun sayen kayan ma'aikatar tsaro ɗaya bayan ɗaya, daga 2014 zuwa 2019. Rahotonsu na farko ya ce ƙasa ta yi hasarar wajen miliyar 76 na kuɗin sefa.

Ta yaya? Ta hanya biyu, kuma kun san su duka. Ta farko ita ce ƙarin kuɗi: abin jikka goma a rubuta jikka goma sha biyar, a raba biyar ɗin. Rahoton ya lissafa wajen miliyar 48 ta wannan hanya. Ta biyu ta fi muni: a biya kuɗi, kaya kuwa ba su zo ba ko kaɗan. Wannan wajen miliyar 28 ne. A takarda soja na da mota, a cikin daji yana tafiya ƙasa.

Miliyar 76 ba ta shiga kai da sauƙi. Mu raba ta. A shekarar 2020 mutanen Nijar sun kai wajen miliyan 24. In aka raba, kowa zai samu jikka uku da ɗoriya: tsoho da tsohuwa, kai da ke zaune kan benci, har jinjirin da ke goye.

Da farko gwamnati ta ce waɗanda suka ci su maido kuɗin. Ƙungiyar alƙalai da ƙungiyoyin farar hula suka ce wannan bai isa ba, sai an yi shari'a. Ran 15 ga Maris 2020 aka yi zanga-zanga a Yamai. Jami'an tsaro suka tarwatsa ta, wuta ta kama a kasuwar Tagabati, mutane suka rasu, aka kama wasu shugabannin ƙungiyoyi. Daga baya aka miƙa takardun ga shari'a. A watan Yuni, bayan an saurari ƴan kasuwar da suka yi kwangilar, mai gabatar da ƙara na gwamnati ya ce hasarar miliyar 32 da ɗoriya ce. Ko 76 ce, ko 32, kuɗi ne masu yawa ƙwarai ga ƙasar da yara da yawa ke karatu cikin ajin zana.

Yanzu ku yi tunani. Duk shekarun nan shida akwai majalisa, akwai kwamitin tsaro. Kowace shekara an jefa ƙuri'a an ba da kuɗin. Amma waɗanda suka buɗe takardu suka gano ɓarnar sufetocin soja ne, bayan shekaru sun wuce. Manoman Tamaske ba za su jira shekara shida ba kafin su tambayi ina injinsu.

In babu majalisa fa?

Ƙasarmu ta sha zama ba majalisa. Daga samun ƴancin kai a 1960 akwai ta, Bubu Hama ke shugabancinta, amma jam'iyya guda ce a ciki. Ran 15 ga Afrilu 1974 soja suka karɓi mulki ƙarƙashin Seyni Kunce, suka rushe ta. Ba a sake zaɓen ƴan majalisa ba sai Disamba 1989, shekara goma sha biyar ke nan. An sake rushe ta a 1996, da 1999, da 2010. Ran 26 ga Yuli 2023 soja suka kuma karɓar mulki ƙarƙashin Janar Abdurahaman Tiani, aka jingine tsarin mulkin 2010, majalisa ta watse. A Fabrairu 2024 aka sa hannu kan dokar da ta fidda sayen kayan tsaro daga ƙa'idodin kwangilar gwamnati. Hukuma ta ga yaƙi na son gaggawa. Masu yaƙi da cin hanci kuwa suka ce an rage idon da ke kallon kuɗin. A 2025 aka kafa majalisar ba da shawara. Naɗa wakilanta aka yi, ba zaɓe ba, kuma aikinta shawara ce.

Lampo dai ba a daina biyansa ba, ko da majalisa ko babu. Soja ma ba su daina bukatar takalma da harsashi ba.

Tambayoyi

1. Daga ina gwamnati ke samun kuɗin da take ba soja? Ku faɗi hanya huɗu.
2. Mene ne bambancin ba da izini da jin lissafi? Wanne ya fi wuya, kuma don me?
3. Ga abu biyu: daren da soja za su tashi, da kuɗin da aka sayi motarsu. Wanne ya kamata a ɓoye, kuma ga wa?
4. Lissafi: an ba ɗan aike jikka 300 ya sayo inji. Ya saya jikka 240, ya ba mai mota jikka 10, ya ce ba saura. Nawa ya ɓace?

Aikin gida

Ku tambayi iyayenku ko akwai asusun haɗin kai a garinku: na rumbun tsimi, na famfo, ko na lakwal. Wa ke riƙe kuɗin? Wa ke ƙidaya su, kuma sau nawa a shekara? Ku rubuta amsar da Hausa, layi goma, sa'annan ku juya layi uku na farko da faransanci.