Tiyon banɗaki ba tiyon fetur ba ne

Shekara 23 ke nan ina kwanciya ƙarƙashin motocin mutane a Maraɗi, amma babu motar da asararta ta tsaya mini a rai kamar Fijo 504 a-kori-kura da ta ƙone a hanyar garinmu, Sarkin Yamma, bayan kakar bana. Na san motar tun tana hannun marigayi mai ita. Haɗin Kaduna ce, sau biyu ina yi mata ringi. Bayan rasuwarsa ta yi shekaru a ƙofar gida, awaki na kwana ƙarƙashinta, har babban ɗansa ya ɗaura niyyar tayar da ita don ɗaukar kaya zuwa Maraɗi da Dan Issa.

Yaron yana da hannu, wannan ba na musu. A ƙofar gida ya sauke inji, ya wanke kafireta, ya ƙara ganyen sifirin. Wata rana ya zo gareji da wayarsa, ya nuna mini bidiyon wani Bature da ya jera wa motarsa tiyo mai saƙar ƙarfe, fari tas yana walƙiya. Ya ce, "Kawu, irin wannan nake so in sa mata." Na ce, "Ɗana, na gasken tsada gare shi, kuma motarka ba ta buƙatarsa. Sayi baƙin tiyon mai da kwaliye biyu ka huta." Ya ce to, ya tafi.

Ashe shagon kayan famfo ya nufa, ya sayo tiyon da ake haɗa wa tankin masai, shi ma saƙar ƙarfe ce a bayansa. Wani mai kiran kansa makanike, wanda duk jarinsa sifana uku ne da inuwar bedi, ya ce masa ai duk ɗaya ne, wannan ma ya fi ƙarfi tunda ƙarfe ne. Suka yanke kawunan, suka cusa shi tsakanin famfon mai da kafireta, suka ɗaure da waya. Waya! Bai tsaya nan ba, ya cire famfon mai na asali ya sa na lantarki, ya ja shi kai tsaye daga batir da ɗan makunni ƙarƙashin sitiyari, babu fiyus, bai bi ta makulli ba.

Mako uku motar ta yi tana aiki, ana ta yi masa barka. A ciki kuwa fetur na cin robar. Robar tiyon ruwa in ta sha fetur kumbura take, ta yi laushi kamar ƙullu, saƙar ƙarfen kuma ta rufa mata asiri, ido ba ya ganin komai. Ranar da abin ya faru ya ɗauko dammunan gero, rana ta take, ƙanensa na zaune gefensa. Sun ji warin mai tun da nisa, suka ce sai an isa a duba. Da hayaƙi ya fito yayan ya kashe makulli, inji ya mutu, amma famfon bai mutu ba, yana ta tura fetur cikin wutar. Ƙanen ya ruga ya ɗaga bonet, iska ta shiga, wuta ta tashi ta kama masa hannuwa biyu da gefen fuska. Babu tukunyar kashe gobara a motar. Da yashi mutanen gona suka yi ta fama har ta cinye geron da motar. Ƙanen nan shekararsa 16.

Da na je ganin gawar motar na tsinci guntun tiyon, saƙar ƙarfen tana nan, robar babu. Abin da ya fi tayar mini da hankali sai da muka koma gida: yayan ya nuna mini wasu irin tiyon guda biyu da ya aje, wai na birkin gaba, mai walda zai gyara masa kawunan. Tiyon ruwa matsin wajen bar 10 aka yi shi ya ɗauka. Birki in ka taka shi da ƙarfi yana haura bar 100. Da ya sa su, da gawawwaki za a kwasa.

Tiyon ruwa na ruwa ne. Na gas ɗin girki ma ba na fetur ba ne. Ku karanta jikin tiyo: na mai za ku ga SAE J30, na birki J1401, in babu rubutu ku aje shi. Mota mai injekta tana tura mai da wajen bar 3, tiyon kafireta ba zai riƙe ta ba, nemi mai R9.

Mai saƙar ƙarfe na gaske daga jiragen sama da motocin tsere ya samo asali, Teflon ne ko roba mai jure mai a cikinsa, kuma ba da filaya ake matse kawunansa ba. Ko shi ɗin, a yashinmu, in ba mai rigar roba ba ne ƙasa na shiga saƙar ta riƙa cin cikin, kuma duk abin da ya gogu da shi sai ya ci shi kamar magagari. Famfon lantarki dole fiyus, dole ya mutu da makulli. Masu zuba ruwan omo ko man inji a tukunyar birki, ku ji tsoron Allah. Kuma kada a ɗaure tiyon mai da waya, na faɗa na ƙara faɗa. Kun ji warin fetur, ku tsaya nan take, ba sai an isa ba.

Ƙanen yana gida yanzu, har yau ba ya iya riƙe kofi da hannun dama. Samari masu gyara a ƙofar gida, ba na hana ku, nima haka na fara. Amma duk tiyon da za ku sa wa mai ko birki, ku kawo in duba kafin ku ɗaura, ko dala ba zan karɓa ba.